Baya da Baya

Duk unguwar Dagmanet babu wanda ya taɓa jin sunan Salma a bakin uwarta. Tani ta haife ta, ta yaye ta, ta aurar da ita, amma idan tana son ta zo sai ta ce "ke", idan kuma tana ba maƙwabta labarinta sai ta ce "yarinyar nan", kowa ya gane wadda ake nufi. Salma ce ƴar farinta. Ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya, ba a tsura masa ido kamar wanda aka daɗe ana jira. Haka uwar Tani ta yi da babban ɗanta can a Tasawa, tun kafin aure ya kawo Tani Agadas, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar haka a kan rashin ƙauna. Kunya ce, kuma Tani tana ganin ita ce mafi kyawun abin da ta gada, tun da uwarta ba ta bar mata ko akuya ba.

Saboda haka ranar da aka fara nuna wa Salma jaririnta, ta kau da kai ta dubi bango, sai zuciyar Tani ta yi fari. Ta ce a ranta tarbiyya ta zauna.

Yaron bakwaini ne. Naƙuda ta taso wa Salma tun lokaci bai yi ba, a tsakiyar bazara, mijinta Mu'azu yana can arewa cikin ramukan zinariya, inda sai mutum ya hau dutse kafin salula ta sami rezo, wato sabis ɗin waya. Sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron. Tani ta ga jarirai da yawa a rayuwarta, ta yi wa wasu wankan farko da hannunta, amma ba ta taɓa ganin mutum ƙarami haka ba, kuma a ce ya cika. Komai yana nan. Kowane yatsa da farcensa, bai kai ƙwayar riɗi ba. Kunne da lanƙwasarsa. A ƙarƙashin fatar kansa jijiyoyi sun rarrabu kamar koramun Abzin idan an yi ruwa a kan duwatsu. Ƙirjin yana tashi yana sauka da sauri, wani lokaci ya dakata kamar mai shawarar ko zai ci gaba, sannan ya ci gaba. Wannan dakatawar ta fi komai riƙe idon Tani. Duk sa'ad da numfashin ya dawo, sai ta ji bakinta ya yi tasbihi ba da saninta ba.

Ranar suna kawun Mu'azu ya yanka rago a gida, aka aiko asibiti cewa an raɗa wa yaro Kabiru. Tani ta leƙa kuvez, akwatin gilashin da ake ɗumama shi a ciki, ta ce, "Wai Kabiru. Maigida, kai da ba ka kai ɗan tattabara ba, da wannan ƙirjin za ka riƙe ni?" Jika mijin kakarsa ne, tsakaninsu babu kunya sai tsiya. Matan ɗakin suka yi dariya. Salma ba ta juyo ba.

Ɗakin jariran ba yadda Tani ta san shi yake ba. Shekarun baya ta taɓa rako wata maƙwabciyarta nan, kuma a lokacin iyaye a waje suke tsayawa, su leƙa ta gilashi, su koma gindin dogon-yaro su jira labari. Yanzu ƙofa a buɗe take. Mata na zaune, kowace da ɗan tudu a cikin riga, sai ka ga wani ɗan kai mai hular ulu ya leƙo ta wuyan rigar. Wadda ta kawo wannan sauyi ita ce Ramata, majon ɗakin, wato babbar masu jinya, wata doguwa mai wushirya da ta dawo daga formasiyo, wato ƙaro ilimi, a Yamai ta sa aka daina rufe wa iyaye ƙofa.

Kowace safiya, bayan an auna jarirai, Ramata takan tara iyaye ta zauna a cikinsu kan tabarma. Ta gaya musu cewa abin da take koya musu ba ita ta ƙago shi ba. Masu bincike ne suka bi jarirai irin nasu masu yawan gaske, a ƙasashe dabam-dabam, suka ga cewa wanda aka manna a ƙirjin uwarsa, fata da fata, tsawon yini, ya fi riƙe ɗumi, numfashinsa ya fi daidaita, ya fi saurin kama nono, kuma da yawa waɗanda da an rasa su sun rayu. Sun kuma ga cewa uwar da aka zauna da ita aka saurari damuwarta, aka koya mata gane alamun ɗanta, ta fi samun ƙarfin zuciya. Ta ce su daina ganin kansu baƙi a ɗakin nan, su ma ma'aikata ne, farar riga ce kawai ba su da ita.

Akwai wata Kadidia a cikinsu, mutuniyar Tabelot, matar wani mai garkar albasa, wadda wannan ce haihuwarta ta biyar, bakinta kuma ba ya hutawa. Ta ji ana kiran dabarar da sunan kanguru, ta tambayi ko wane ne shi. Ramata ta nuna mata hoton dabbar a salula, da ɗanta yana leƙowa daga aljihun ciki. Kadidia ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Madam, wannan ai ɓera ne ya yi girman maraƙi. Shi ne malaminmu?" Ramata ta ce shi ne, kuma har yanzu ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Tani ta yi dariya tare da kowa, amma dariyar ba ta jima ba, domin ma'auni ya fara faɗin abin da ba ta so ta ji. Sauran jarirai suna ƙaruwa kaɗan-kaɗan, Kabiru yana raguwa. Bai iya tsotso ba tukuna, ta wani siririn bututu da aka zura masa a hanci ake ba shi abinci, kuma abin da cikinsa ya fi karɓa shi ne nonon uwarsa. Nonon kuwa ya ƙi zuwa. Salma takan matsa har idonta ya kawo ruwa, abin da ake samu bai rufe gindin kofi ba. Aka yi mata kunun kanwa, aka kawo fura, Kadidia ta raba mata dabinonta da cuku. Shiru.

Da numfashin yaron ya ɗan daidaita, Ramata ta fito da shi daga kuvez ta kawo wa Salma. Kujerun jingina na ɗakin kaɗan ne, kuma duk da masu su. Gadon Salma shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne, ciwon aikin kuma bai bar ta ta zauna da ƙarfinta ba, sai Tani ta zauna a gefenta ta tallafe mata kafaɗu. Aka kwance wa yaron komai sai ɗan ƙyalle da hula, aka kwantar da shi a tsakanin nonuwanta, aka ɗaure da zane. Salma ta sanƙare. Fuskarta na bango, hannuwanta a kan zanen kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Ba a jima ba ta ce ta gaji.

Tani ta ce a ba ta mijinta, ita ba ta gajiya da shi. Ta wanke jiki, ta buɗe riga, aka manna mata shi. Abin da ta ji bai yi kama da nauyi ba. Wani ɗan bugu ne mai sauri a kan ƙashin ƙirjinta, kamar an ɗora mata tsuntsu. Ƙafafunsa da suka zo da sanyi suka ɗumama, ya yi barci. Ta ɗaga kai tana jiran yabo, Ramata ta yaba mata, sannan ta ƙara da cewa, "Ɗumi kam kina da shi, Inna. Nono ne ba ki da shi."

Da azahar Ramata ta same ta a gindin dogon-yaro tana alwala, ta jira har ta idar da salla, ta zauna kusa da ita. Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce yaron yana amfani da ɗan ƙarfin da ya zo da shi, kuma ƙarfin ba shi da yawa. Ta ce nono ba matsi kaɗai yake ji ba. Idan uwa ta shaƙi ƙamshin kan ɗanta, ta dube shi, ta ji motsinsa, ta saki jiki, sai jikin ya saki abin da yake riƙe da shi. Wannan ma an bincika an gani. Ta ce a takardun da aka koyar da ita an yi bayanin komai, har yadda ake ɗaure zane, amma ba ta ga layi ɗaya a kan kunya ba. Ita ma uwarta har ta rasu ba ta kira sunan babban wansu ba, saboda haka ba ta zo ta ce a zubar da abin da aka gada ba. Roƙonta ɗaya ne, Tani ta riƙa ɗan fita idan an kawo yaron.

Maganar ta yi wa Tani ɗaci, amma washegari ta fita. Ta tara wa ƴarta matasai da ƙunshin kaya a baya, ta tsaya a farfajiya tana kallon wani tsoho mai rawani yana hura gawayin shayi. Shayin bai tafasa ba ta ji hayaniya. Jiri ne ya ɗebi Salma, matasan suka zame, ta karkata zuwa bakin gado, kuma da Kadidia ba ta miƙo hannu ɗaya ta tare ta ba, ɗayan na riƙe da nata ɗan, da yaron ya isa ƙasa. Ba abin da ya same shi. Amma Tani ta rantse ba za ta ƙara matsawa daga gadon nan ba, Ramata kuwa ba ta musa mata ba, domin ita ma ba ta da hannun da za ta ajiye a bayan kowace mace. Abin ya tsaya a haka: idan Tani ta zauna, Salma ba za ta dubi ɗanta ba, idan ta tashi, Salma ba za ta iya riƙe shi ba.

Da yamma Mu'azu ya kira daga kan dutsensa, iska tana cinye rabin maganarsa. Ya gaishe da surukarsa da ladabi, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce, "Yaya baƙon?" Tani ta ce baƙo yana nan, a dai yi ta addu'a. Bayan rezo ya ɗauke ta zauna da salular a hannu. Uban ya ce baƙo. Uwar ba ta cewa komai. Tun da yaron nan ya zo duniya, mutum ɗaya ne daga cikin danginsa ya kira sunansa a gabansa, ita ce, kuma da ba'a ta kira shi. Kowa yana zagaya shi da ladabi, shi kuwa yana kwance a tsakiya yana shawarar ko zai zauna. Karo na farko a rayuwarta ta ji kunyar da take alfahari da ita tana da nauyi, kuma nauyin a kan wani ɗan ƙirji yake, wanda bai kai tafin hannunta ba. Duk da haka ba ta ga yadda za ta ce wa ƴarta ta dubi ɗanta a gabanta ba. Ko ta faɗa, Salma ba za ta iya ba, domin ita da kanta ta gina ta haka.

Tana cikin wannan tunani wata kamyo, babbar motar kaya, ta wuce a titi, cike da buhunan albasa, mutane zaune a bisa kayan. Sai ta tuna zuwanta Agadas tana amarya, a bisa irin wannan mota. Babu abin jingina a can sama, sai wata mata da ba ta sani ba ta juya mata baya, ita ma ta juya, kowace ta zama bangon ƴar'uwarta. Tafiya ta yi nisa, matar ta fara magana, Tani ma ta fara. Ta gaya mata tsoron da take ji da abubuwan da ba ta taɓa gaya wa uwarta ba. Da suka sauka a tasha kowace ta ɗauki ƙunshinta ta tafi, kuma har yau ba ta san kamannin fuskar matar nan ba. Muryarta kawai ta sani, yadda take shigowa ta haƙarƙari.

Da safe ma'auni ya sake raguwa. Tani ba ta je zaman tabarma ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta hau gadon ta wajen kai, ta ce, "Ke, tashi zaune." Ta juya ta fuskanci taga, ta tanƙwashe ƙafafu, ta kafa bayanta a bayan ƴarta. Sannan ta ce wa Ramata, ba tare da ta waiwaya ba, "Madam, kawo mata maigidan. Ni ina da aiki, ina ƙirga motocin albasa." Ramata ta tsaya tana kallonsu. Sai ta ɗauko yaron, ta ɗaure shi, ta ja labule ta ɓangaren sauran gadaje, ta tafi.

Ranar nan ba abin da ya faru. Bayan Salma ya tsaya ƙiƙam kamar ƙyauren ƙofa, gumi ya manne rigunansu, ƙafafun Tani suka mutu. Amma Salma ba ta ce ta gaji ba sai da aka kira azahar. Washegari suka koma. Ta taga Tani tana ganin jajayen katangu, da wayoyin kuran masu kawo wutar lantarki, da can nesa ƙololuwar hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa, da itatuwanta a tsattsaye. Rana ta hau. A hankali, kamar yadda ƙasa take shan ruwa, ƙyauren nan ya fara laushi. Kafaɗa ɗaya ta sauko, ɗayar ta bi ta. Nauyi ya zo duka, ya kwanta a kan ƙashin bayanta, sai ta ji wuyan Salma ya sunkuya gaba. Ta gane ana duban wani abu.

Tani ta riƙe numfashi. Ta san wannan nauyin. Rabonta da shi tun tana goya yarinyar nan zuwa rijiya, a lokacin da baya ne kaɗai wurin da aka yarda ta ƙaunace ta, domin a can ido ba ya kaiwa. Ashe bayan bai manta ba.

Sai wani abu ya fara motsi a haƙarƙarinta. Ba da kunne ta ji shi ba, domin fanka na juyawa, Kadidia kuma tana can bayan labule tana ba wata labarin ambaliyar da ta cinye musu garka. Ta ƙashi ya shigo, wani ɗan gunji mai taushi da yake tashi yana sauka. Salma tana magana. Tani ba ta rarrabe kalmomin ba, kuma ba ta yi ƙoƙari ba. Amma akwai wata kalma da take dawowa, mai gaɓa uku kamar sunan yaron, ta tsakiyar da ɗan ja, kuma duk sa'ad da ta zo sai bayan ya ƙara sakewa. Tani ta dubi hasumiya har ta daina ganin ta sosai. Ta yi mamakin yadda Allah ya gina mutum, ya sa wa ido kunya ya bar ƙashi yana ji, ya ɓoye abincin wani a jikin wani ya ce ba zai fito ba sai an sunkuya an duba.

Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Ta dai ji bayan ya zabura, numfashi ya tsaya, sannan wata ƙaramar murya ta ce, "Madam." Takalman Ramata suka matso. Sai ƙarar kofi, sai wani ɗan sauti siriri na ruwa yana bugun gindinsa, ba ɗigo-ɗigo ba. Ramata ta yi hamdala ƙasa-ƙasa. Ta ce za ta fara shafa masa kaɗan a leɓe ya san ɗanɗanon gidansu, sauran a bi da shi ta bututu. Sannan ta zagayo ta wajen taga, idonta ya yi ja, ta ce, "Inna, motoci nawa suka wuce?" Tani ta ce ba ta gama ƙirgawa ba, kada a dame ta.

Ma'auni bai yi gaggawa ba. Ya fara da daina raguwa, ya tsaya a haka har Tani ta soma zarginsa da taurin kai, sannan wata safiya ya ƙaru da abin da Ramata ta ce bai fi nauyin dabino ɗaya ba. Tani ta karɓi dabino daga ƙunshin Kadidia ta ɗora a tafin hannu, ta daɗe tana jin nauyinsa. A zaman tabarma na ranar Ramata ta tambayi wata sabuwar mai jego ko haihuwar fari ce, da aka ce eh, sai ta dubi tsohuwar da ta rako ta, ta tambaye ta ko bayanta yana da ƙwari.

Da la'asar suka koma mazauninsu. Zafi ya ɗan sauka, inuwar katanga ta miƙe a titi. Gunjin nan ya dawo cikin haƙarƙarin Tani, da kalmarsa mai gaɓa uku, yanzu ba ya ɓuya sosai. Ta saurare shi har ya lafa. Babu mai ganin fuskarta sai taga. Ta motsa leɓɓanta, ta haɗa wani suna mai gaɓa biyu da ya daɗe a ƙarƙashin harshenta tun ranar sunan ƴarta, ta sake shi da ɗan sautin da ko ƙuda ba zai tashi dominsa ba.

Bayan da yake jingine da nata ya tsaya cik. Babu wadda ta waiwaya. Can sai nauyin ya dawo, ya fi na dā, har Tani ta dafa ƙarfen gado don ta riƙe su duka biyu.